Gargaɗi Goma Sha Ɗaya a Fayil ɗin Taga Uku

A babbar tashar bas ta garin akwai tagogin sayar da tikiti guda shida a jere, kowace da lambarta a sama. Mutumin da ke zama a ta uku ya shekara goma sha tara a wurin, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Direbobi, masu shara, manaja, kowa Taga Uku yake ce masa. Matarsa ma idan ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Ɗakin nasa taku biyu ne a tsawo, taku ɗaya da rabi a faɗi. Kujera ɗaya, kanta ɗaya, sai ƙaramar fanka mai waige-waige kamar an kira ta daga baya. A ƙarƙashin kantar akwai farantin ƙarfe mai koren fenti, kuma daidai inda gwiwarsa ta dama take taɓawa fentin ya goge, ƙarfen ya fito yana ƙyalli. Sau huɗu ana sake fentin a shekarun nan, sau huɗu gwiwar tana cinye shi. Da ya zauna ƙafar take soma rawa, ba ta tsayawa sai ya tashi. Mai taga ta huɗu ya sha dukan bangon katakon da ke tsakaninsu yana cewa, "Don girman Allah ka kashe injin nan, kaina zai tsage."

Shekarunsa arba'in da tara, 'ya'yansa huɗu, babbar ta fara aikin jinya. Kafin tasha ya taɓa tallan yadi a kan keke, ya yi kai saƙo a wani kantin magani, ya bi motar kaya wata tara. Kawunsa ne ya gaji da ganinsa a titi, ya samo masa aikin tagar, ya ce ga wurin zama nan, mutum ya huta da yawo. Duk dangi suka yi murna. Ba wanda ya tambaye shi ko yawon ya dame shi, shi ma bai tambayi kansa ba.

A farkon shekarar nan kamfanin ya manna sanarwa a allo: za a kafa injinan kati, za a rufe tagogin duka shida. Masu sayar da tikiti su goma sha huɗu ne, na safe da na yamma da masu canji, wato masu riƙe taga idan wani ya tafi hutu. Ba za a sallami kowa ba, amma za a rarraba su. Ɗakin kyamarori kujera huɗu, ofishin amsa waya shida, sashen kaya huɗu. Inda aka kai mutum, nan zai zauna har ritaya. Ga Taga Uku, shekara goma sha ɗaya ke nan.

Daga hedikwata aka turo wata jami'a mai gilashi, ba ta da yawan magana. Malama suke ce mata. Ta tara su a ɗakin cin abinci ta raba musu fom mai shafi huɗu, tambaya talatin.

"Wannan ba jarrabawa ba ce," in ji ta. "Babu amsar daidai, babu ta kuskure. Kowa ya zauna shi kaɗai ya auna kansa: me ya iya, me yake so, me yake gajiyar da shi. Da abin da kuka rubuta za a duba inda ya dace da kowa."

Suka ce to. Tana fita suka tattara takardun suka miƙa wa Kabon.

Kabon shi ne mai taga ta ɗaya, mutum mai kyakkyawan rubutu da biro uku a aljihun gaba. Tun da daɗewa duk wani fom da ya shigo tagogin nan hannunsa yake bi, na hutu, na asibiti, na kayan aiki. Sai ya jera uku-uku, ya sa takardar kabon a tsakani, ya danna biro da ƙarfi, kowa ya zo ya sa hannu a ƙasa. Ba su ɗauke shi ha'inci ba, sauƙi ne. Shekarar da aka raba rigunan aiki, duk su goma sha huɗu girman Kabon aka kawo musu, mai taga ta shida da ya fi kowa teɓa ya yi wata uku yana aiki maɓalli a buɗe. Aka yi dariya, aka ci gaba.

Kabon ya duba fom ɗin sama da ƙasa, ya ɗaga kai.

"Ku saurare ni. Duk ranar da mutumin hedikwata ya ce maka babu amsar daidai, to ka gyara zama, akwai ta. Ɗakin kyamara shi ne wurin. Sanyi, kujera mai juyi, matakinka bai sauka ba. Waya kuwa zagi za ka sha daga safe har yamma. Sashen kaya ba na ma maganarsa, dako ne da riga mai tambari."

"To ya za a yi?" wani ya tambaya.

"Ku bar ni da su."

Ya zauna da rana bayan an rage layi. *Kana jin daɗin zama wuri guda na tsawon lokaci?* Ƙwarai. *Hayaniyar mutane tana gajiyar da kai?* Ƙwarai. *Ka fi son lura da abu daga nesa ko shiga cikinsa?* Daga nesa. Taga Uku ya zo a tsaye, ya sa hannu a tsaye, bai karanta ko layi ɗaya ba, don ya hango wata mata tana jan akwati mai karyayyen taya kuma hankalinsa yana can.

Bayan mako biyu sakamako ya fito. Duk su goma sha huɗu ɗakin kyamara ya dace da su. Tunda kujera huɗu ce, sai aka bi daɗewa a aiki. Taga Uku ne na ɗaya. Kabon ya zo na biyar.

"Ni na rubuta, ku kuka haye," in ji Kabon, yana mayar da biro aljihu kamar wanda ya yi musu laifi. "Allah ya isa tsakanina da kabon."

Malama ta sake tara su ranar Litinin da safe. Ta baje takardun a tebur, ta nuna musu tambaya ta goma sha bakwai. A nan biron Kabon ya zame ya ja wutsiya, kuma wutsiyar tana nan a kowace takarda, wuri ɗaya, tsawo ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ƙarar gwiwar Taga Uku a ƙafar tebur.

"Ba zan kai ƙarar kowa ba," ta ce. "Jerin nan zai tsaya yadda yake. Amma ga sababbin fom. Wanda yake so ya cike nasa da hannunsa, yana da zuwa Alhamis ƙarfe sha biyu. Bayan nan na rufe."

Ba wanda ya miƙa hannu. Waɗanda suka samu ba su ga dalili ba, waɗanda suka rasa kuma kunya ta hana su.

A ranar aka kai mutum huɗun su ga sabon wurin aikinsu. Ɗakin yana bene na biyu, ƙofa ɗaya, babu taga ko ta leƙe. Allon talabijin goma sha biyu a bango, sanyi kamar cikin firji. Aka ba Taga Uku kujera mai juyi. Ya juya dama, ya juya hagu, ya ɗaga ta, ya sauke ta. Ƙarfe takwas da kwata ya duba agogo. Da ya sake dubawa yana zaton awa ta wuce, takwas da minti ashirin da biyu ce.

A allo na tara ya ga wani dattijo da leda a hannu yana bin bas-bas. Ya leƙa wannan, ya koma waccan, ya tsaya tsakiyar fili yana shafa aljihu. Taga Uku ya san irin tsayuwar nan. Mutumin ya sauka ne ya bar wani abu a mota, kuma bai san wace ce ba. Kafin ya ankara ya riga ya miƙe.

"Ina zuwa?" in ji shugaban ɗakin.

"Dattijon can. Daga bas ɗin ƙarfe bakwai ya sauka, ita kuwa an kai ta wanki bayan gareji. Minti biyu ne."

"Zauna, Malam. A nan gani muke yi. Ka rubuta lokaci a littafi, ka danna wancan maɓallin, masu gadi su je."

Ya danna. Masu gadi ba su je ba sai bayan minti ashirin, kuma duk minti ashirin ɗin yana kallon dattijon yana zagaye, gwiwarsa tana dukan tebur har hoton allunan yana rawa. Wanda ke kusa da shi ya ja kujerarsa gefe. Ƙarfe goma da aka sallame su, bai bi sauran ba. Ya sauka ɗakin cin abinci, ya waiga bai ga kowa ba, ya zari fom ɗaya ya ninke ya cusa a aljihu kamar wanda ya ɗauki abin da ba nasa ba.

Da yamma a gida ya shimfiɗa takardar a kan teburin guga. Matarsa tela ce, tana tsugune tana yankan yadi a tabarma, almakashi na tafiya ƙyat-ƙyat. Ya karanta tambaya ta farko, ya tashi ya gyara labule. Ya karanta ta biyu, ya fita ya duba famfo. Ya dawo ya kurɓi shayi a tsaye.

"Maman yara, ke a ganinki me na iya?"

"Tsayuwa a kan mutane," ta ce, ba ta ɗago ba. "Matsa, ka tare mini haske."

"Da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Shekara ashirin da uku muna tare, ban taɓa ganin ka shanye kofin shayi a zaune ba. Takardar mece ce kuma? Ba an gama ba? Har na gaya wa Yaya an kai ka bene, ɗaki mai sanyi."

Ya ba ta labarin dattijon. Ta ajiye almakashin.

"Baban yara, ka kusa hamsin. Allah ya ba ka kujera, mutum goma na kallonta suna haɗiyar yawu. Gwiwar da ka shekara goma sha tara kana karkaɗawa, ita za ta ɗauki akwatunan mutane?"

"Ban ce zan canja ba. Cewa na yi ki taya ni cikewa. Ke kin fi ni sanina."

"Iye! Ka gudo daga Kabon na tasha ka zo neman Kabon na gida? Wallahi ba da ni ba. In na rubuta maka, abin da nake so zan rubuta, kuma ka san abin da nake so." Ta ɗauki almakashinta. "Taga Uku, matsa mini."

Talata ta wuce takardar na aljihunsa. A taga ya fito da ita sau biyar, ya mayar sau biyar. Tambaya ta ashirin da biyu ce ta fi tsaya masa a wuya: *Kawo lokuta uku da ka yi wani abu a wurin aiki ba tare da an sa ka ba.* Ya daɗe yana kallonta, ya rubuta *Babu* da fensir, ya goge, ya sake rubutawa. Shi dai a saninsa tikiti yake yankawa. Mutum ya faɗi gari, ya yaga, ya miƙa. In an cire wannan, bai ga abin da ya rage ba.

Ranar Laraba lokacin hutun rana ya sami Malama a ƙaramin ofishin da aka ara mata kusa da sito. Bai zauna ba.

"Malama, mutumin da takardar nan take tambaya, ni ban san shi ba."

Ta dube shi ta saman gilashi. "Ka taɓa karanta fayil ɗinka?"

"Me zan karanta? Abin kunya ne a ciki."

"Na gani. Naka ya fi na kowa kauri." Ta jawo shi daga ƙasan tari ta tura masa. "Ba a fita da shi. Ga benci can."

Takardun gargaɗi goma sha ɗaya ne a ciki, a shekara goma sha tara, kuma laifin ɗaya ne a dukkansu: barin taga a lokacin aiki. Kowace an maƙala mata amsar da ya bayar. Nan ya tsaya. Rubutunsa ne, karkatacce, mai hawa tudu. Kabon ba ya rubuta wa kowa amsar gargaɗi, yakan ce hannunsa ba ya shiga shari'a. Saboda haka a duk fayil ɗin, waɗannan goma sha ɗayan ne kawai shi ya rubuta da kansa.

Ya fara da ta farko. Wata mata ta bar jakar magungunan mahaifiyarta a bas, ya bi motar da gudu har gidan mai. Ta uku, akwatuna biyu baƙaƙe iri ɗaya aka yi musaya, ya tuna wanda ya sayi tikitin ina, ya sa aka tsayar da direbobin biyu a hanya. Ta shida, kwalin 'yan tsaki ɗari aka manta a rana, ya kai su inuwa, ya ba su ruwa a murfin kwalba, ya gano mai su ta hatimin shagon da ke jikin kwalin. Ta tara, takardun makarantar wata yarinya da za ta ganawar neman aiki washegari. A ƙarshen kowace amsa ya rubuta, *Ina neman afuwa, ba zan sake ba.*

Abin da ya ba shi mamaki, duk yana tune da su. Launin jakar, lambar motar, ƙafar ɗan tsakon da ta maƙale a ramin kwali. Ya gwada tuno rana ɗaya cikakkiya da ya yi a bayan taga, ko ɗaya, ya kasa. Sai da ya kai ta goma sha ɗaya ya lura ƙafarsa a ƙasa take, shiru.

"Malama, ashe wannan ma aiki ne?"

"A sashen kaya shi ne aikin. Amma ban ce ka zaɓi komai ba. Juya baya, akwai saura."

A baya akwai 'yan takardu uku daga manaja: bai cike rajistar miƙa aiki ba, ya bar layuka a buɗe, rubutunsa ba ya karantuwa.

"Sashen kaya rabinsa rajista ne," ta ce. "Kowace jaka sai an rubuta ta, an lanƙaya mata lamba. Mataki ɗaya ne ƙasa da inda kake. Babu sanyi, akwai ɗaukar nauyi, kuma ba yaro ba ne kai. In za ka auna, ka auna har da wannan. Mutane suna son rubuta abin da suka iya, su tsallake abin da ba su iya ba."

Ranar Alhamis da safe ya cike fom ɗin a kan firji, a tsaye, da biron 'yarsa. Tambaya ta ashirin da biyu layi uku aka bari, ya cika su da labarin jakar magunguna, akwatuna da 'yan tsaki, ya gangara gefen takarda. Inda aka tambayi rauninsa ya rubuta: *Ba na son rubutu, kuma ina fita ban gaya wa kowa ba.* Inda aka tambayi zama wuri guda, ya rubuta *A'a*, ya ja layi biyu a ƙasa.

Matarsa tana bakin ƙofa da tef a wuya. Ta karanta ta bayan kafaɗarsa har ƙarshe, ya ninke takardar.

"Kai za ka gaya wa Yaya da bakinka," ta ce. "Kuma ranar da bayanka ya riƙe, kada ka kira sunana."

"Wa zan kira?"

"Kira 'yan tsakin."

Ya miƙa wa Malama ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in. Cikin goma sha huɗu, su biyu ne suka sake cikewa, shi da wata mai canji da ta nemi ofishin waya. Kujerarsa ta bene ta faɗa kan na biyar a jeri. Kabon ya same shi a bakin famfo, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Kai, ko dai ba ka da lafiya ne? Ka bar sanyi ka zaɓi dako?" Ya rage murya. "Na gode dai. Amma da ka kawo na cike maka, wannan rubutun naka ai sai a kai ka gadi."

Wata bakwai ke nan yanzu. An cire tagogin, injina shida masu ƙyalli sun tsaya a wurinsu, farantin ƙarfen nan mai goge yana cikin tarkacen bayan gareji. Sashen kaya dogon ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe da kantoci hawa huɗu: laimomi, caja, takalmin yaro ƙafa ɗaya, kan keken ɗinki da ba a zo nema ba tun kafin zuwansa. Shugabar sashen sa'ar 'yarsa ce. Baba take ce masa, kuma ba ta ɗaga masa ƙafa a kan rajista ko kaɗan. Sau biyu ta sa shi ya sake rubuta shafi guda. Bayansa ya riƙe sau ɗaya, ya kwana uku a gida, matarsa ta shafa masa man zafi tana yi masa tsiya har ya warke. Ranar hutu ƙafar tana nan tana rawa a ƙarƙashin teburin cin abinci, ba abin da ya canja. Sunan ma bai canja ba.

Ranar Talatar da ta wuce mai wankin mota ya kawo sandar guragu guda ɗaya, ta ƙarfe, an naɗe mariƙinta da jan tsumma. Taga Uku ya juya ta, ya duba robar ƙasan, ta cinye ta gefe ɗaya. Wanda ya hau mota da wannan bai sauka da ƙafarsa ba, ɗaukarsa aka yi. Bas ɗin ƙarfe tara ce, ita ce mai tsayawa a ƙofar asibiti, kuma direbanta yana can yana shan shayi kafin ya juya.

Lokacin da wayar bango ta yi ƙara, Taga Uku ya riga ya kai tsakiyar fili. Shugabar ta ɗauka. Kabon ne daga bene.

"Ga mutuminku can a allo na tara, ya bar wurin aiki da sanda a kafaɗa. In rubuta?"

Ta leƙa ƙofa. Rajista tana buɗe a kan kanta, ya sa kwanan wata da lamba, sauran layin fari fat.

"Baba! Littafin!"

"Ina zuwa!" ya ce, bai waiwayo ba.